Tera nawa za mu saya wa dandalin karatunmu na intanet?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina shugabantar wata makarantar gaba da sakandare mai zaman kanta a nan Garwa ta ƙasar Kamaru, muna koyar da aikin jinya, akanta da gudanarwa. Ɗalibanmu 1,200, malamai 60, kwas 80 a kowane zango, zango biyu a shekara. Mun yanke shawarar kafa Moodle, manhajar gudanar da karatu ta intanet, don malamai su riƙa ɗora darussa, ɗalibai kuma su miƙa aikin gida ta can. Na kira masu haɗa kwamfuta biyu su kawo farashi. Ɗaya ya ce faifan ajiyar bayanai mai tera 1, wato giga 1,000, ya ishe mu har mu gaji, ɗayan ya rubuto tera 10. Wane ne ke son cin kuɗinmu, wane ne kuma bai san aiki ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe. Kada ka yi saurin ɗora wa ko ɗaya daga cikinsu laifi. Da ɗaliban nan naku 1,200 ana iya shekara guda cur a kan rabin tera, ana kuma iya cinye kusan tera takwas kafin a kai hutun ƙarshen shekara. Yawan ɗalibai shi kowa ke fara faɗa, amma ba shi ke yanke hukunci ba. Masu yanke hukunci su ne abin da kuka yarda a ɗora, yawan kwafin da za ku riƙe, da tsawon lokacin da za ku riƙe shi. Waɗannan kuwa ba aikin mai haɗa kwamfuta ba ne, shawara ce ta ofishinka. Muddin ba ku zauna kun tsayar da su ba, duk lambar da aka rubuto maka a takardar farashi kintace ne.

Ita manhajar kanta ba ta da ci. Martin Dougiamas ɗan Ostireliya ne ya fitar da Moodle a 2002, kyauta ake samun ta, kuma 'yan ɗaruruwan mega ne girmanta. Abin da ke girma wuri biyu ne. Akwai rumbun bayanai, inda sunayen ɗalibai, maki, amsoshin jarrabawa da tarihin duk wani motsi suke zaune. Akwai kuma foldar da ake kira moodledata, inda duk fayil ɗin da wani ya ɗora yake sauka. Rumbun bayanai ƙarami ne amma yana son faifai mai sauri. Foldar kuwa ba ta damu da sauri sosai ba, fili take so. In ka raba su biyu a zuciyarka, sauran lissafin zai zo da sauƙi.

Bari mu yi lissafin da alƙaluman da ka bayar. Duk inda na ce "mu ɗauka", zato ne nawa na mai wannan aiki, kuma kana iya sa naka adadin a gurbinsa.

Takardun malamai ba abin tsayawa ba ne. Mu ɗauka kowane kwas yana da PDF da silaid na mega 150. Kwas 160 a shekara, giga 24 ke nan. Ko an ninka biyu ba ya tayar da hankali.

Aikin gida shi ne wuri na farko da masu lissafi daga nesa ke faɗawa rami, domin suna zaton ɗalibi zai buga aikinsa a kwamfuta. Mu ɗauka kowane ɗalibi yana ɗaukar kwas 8 a zango, kowane kwas da aiki 3, wato aiki 48 a shekara. In bugawa ake yi, kowane aiki rabin mega, makarantar gaba ɗaya ba ta wuce giga 29 ba. Amma kai ma ka san yadda yaranmu ke yi. Da biro ake rubutawa a takarda, a shimfiɗa ta kan tabarma ko benci, a ɗauki hoton kowane shafi da waya, wani lokaci har da inuwar hannu da gefen kofin shayi. Hoto ɗaya na wayar zamani yana kai mega 4. Shafi huɗu, mega 16. Ninka da 48, ninka da 1,200, ka tashi da giga 920. Aiki ɗaya, rubutu ɗaya, amma nauyin ya ninka fiye da sau talatin. In aka koya musu a makon farko yadda ake amfani da manhajar sikanin waya, wadda ke haɗa shafukan cikin PDF ɗaya baƙi da fari, aiki zai dawo mega 2, jimla giga 115. Sannan akwai abin da ba a gani: in malamai za su yi gyara da jan alƙalami a kan allo, Moodle yana haɗa abin da ɗalibi ya miƙa ya zama PDF, ya yi hoton kowane shafi don a nuna wa malam, ya kuma ajiye wanda aka gyara. Don haka ni ninka wannan adadi nake yi biyu. Giga 230 in an kiyaye, giga 1,840 in an saki.

Yanzu sai babban mai ci, bidiyo. Ga ƙa'ida ɗaya da za ka riƙe ko ka manta sauran: bidiyon da ke tafiya a kan megabit 1 a daƙiƙa yana cin mega 450 a awa. Daga nan ninkawa ce kawai. Wayar Android da aka bari yadda ta fito daga kwali tana ɗaukar bidiyo mai ingancin 1080p a kan megabit 16 ko kusa da haka, wato giga 7 da 'yan kai a kowace awa. Mu ɗauka kashi ɗaya cikin huɗu na kwasa-kwasanku, guda 40, za a naɗi awa 20 a kowanne. Awa 800 ke nan. In aka ɗora su ɗanye yadda waya ta ɗauka, giga 5,760, kusan tera shida. Mutumin da ya rubuto maka tera 10, ina kyautata zaton wannan ya hango.

To amma me ke cikin bidiyon nan mai giga bakwai? Malam ne a tsaye gaban allo, fanka na kaɗawa a sama, hasken taga ya kashe rabin rubutun allon, kuma cikin awar nan bai matsa daga inda yake ba sai sau biyu. Babu abin da ɗalibi zai rasa in aka matse shi zuwa 480p a kan megabit 0.6 da HandBrake ko ffmpeg, waɗanda dukkansu kyauta ne. Awa ɗaya ta koma mega 270, awa 800 ta koma giga 216. In kuwa aka ce murya kawai za a naɗa, a haɗa ta da silaid ɗin malam, awa ɗaya a kan kilobit 48 ba ta kai mega 22 ba, kuma awa 800 ɗin duka giga 17 ne. A ra'ayina, yawancin darussan akanta da gudanarwa murya da silaid sun fi musu amfani, don abin da ɗalibi ke nema shi ne ya ga lambobin sarai ya ji bayani, ba ya ga rigar malam ba. Inda bidiyo mai kyau ya cancanci kuɗinsa shi ne ɗakin gwajin 'yan jinya: yadda ake neman jijiya a sa allurar ƙarin ruwa, yadda ake wanke rauni a ɗaure, yadda ake auna hawan jini. Nan a ɗauka da 720p, kyamara kusa da hannu, minti goma-goma. A kan megabit 1.5, minti goma mega 112 ne kacal.

Matse bidiyo ba don faifanku kaɗai ba ne. Duk megan da kuka ɗora, wani yaro ne zai saya da kuɗin abincinsa a layin MTN, Orange ko Camtel kafin ya gani. Kwas mai awa 20, ko bayan an matse, giga 5.4 ne a kan ɗalibi ɗaya. Wanda ba a matse ba kuwa babu mai buɗe shi, sai dai ya zauna a faifai yana cin wuri. Ka kuma tuna da inda za su sauke shi: wayoyinsu cike suke da hotuna da saƙonnin WhatsApp, kuma kwamfutocin nan da gwamnati ta fara raba wa ɗaliban manyan makarantu a ƙarshen 2017 giga 32 ne cikinsu gaba ɗaya. Makarantu da yawa sun koyi wannan darasi ba shiri a Maris 2020, lokacin da aka rufe azuzuwa saboda korona, kowane malami ya ɗauki waya ya fara naɗa.

Wasu za su ce maka a zuba bidiyon a YouTube a ɓoye shi daga masu bincike, a sa adireshinsa kawai a Moodle. Dabara ce mai kyau ga darasin da ba shi da sirri: ba ku biyan wurin ajiya, kuma shi da kansa yake rage inganci in layi ya yi rauni. Sai dai duk wanda ya samu adireshin zai iya kallo, ya kuma tura wa wani. Bidiyon da fuskar majinyaci ko jikinsa ya fito a ciki bai kamata ya je can ba sam.

Ƙananan masu ci guda biyu. Moodle yana ba kowane mai shiga wurin ajiye fayilolinsa na kansa, mega 100 in ba a taɓa saitin ba. Mutum 1,260, giga 126 in kowa ya cika nasa, kuma ba littattafai za su cika shi da su ba. A rage zuwa mega 20, a ware giga 25. Sai rumbun bayanai. Kowane latsi da ɗalibi ya yi ana rubuta shi a rajistar motsi, kuma yadda manhajar ke zuwa, ba ta goge wannan rajista har abada sai an ce mata ta goge. In kowane ɗalibi ya latsa sau 60 a rana, kwana 200 a shekara, layi miliyan 14.4 ke nan, wanda zai kai 'yan gigogi. Ba girman ne abin tsoro ba, nauyin da yake sa wa shafukan rahoto da kwafin dare ne. A saita shi ya riƙe shekara ɗaya, a ware wa rumbun giga 30 a shekarar farko a kan faifan SSD, wato irin faifan nan mai sauri.

Haɗa su: 24, 230, 216, 25, 30. Giga 525 a shekarar farko in an bi ƙa'ida. In an saki komai, 24, 1,840, 5,760, 126, 30, kusan tera takwas. Makaranta ɗaya, ɗalibai ɗaya.

Shekara ta biyu ba ta ninka ta farko, kuma dalilin yana da daɗin sani. Tun daga Moodle 2.0 na 2010, manhajar ba ta ajiye fayil da sunan da mai shi ya ba shi. Tana duba abin da ke cikinsa ta fitar da wata lamba mai harufa da alƙaluma 40 ta hanyar lissafin SHA-1, ta sa masa ita a matsayin suna. In ka leƙa foldar filedir ba za ka ga "darasi na uku" ba, sai ƙananan foldoji masu suna irin 3f da a9, cikinsu fayiloli masu dogayen sunaye marasa ma'ana. Amfanin shi ne, in malamai goma suka ɗora littafi ɗaya, ko aka kwafi kwas ɗin bara zuwa bana, lambar ɗaya ce, don haka sau ɗaya ake ajiyewa. Amma in aka canza ko da waƙafi ne a ciki, sabon fayil ne cikakke. Saboda haka takardu da bidiyo za su ƙaru da abin da aka sabunta kawai, mu ɗauka kashi ɗaya cikin uku, giga 80 a shekara. Aikin gida kuwa kullum sabo ne, giga 230 kowace shekara. In za ku riƙe aikin ɗalibi har ya gama digirinsa na shekara uku, ga yadda faifai zai kasance a ƙarshen shekara ta uku: takardu da bidiyo 400, aikin gida 690, ajiyar kai 25, rumbun bayanai 60. Kusan tera 1.2. Daga nan kuma ya daina hauhawa da sauri, don abin da ke shigowa na sababbin ɗalibai yana cike gurbin abin da ake gogewa na waɗanda suka fita.

Wannan tsarin sunaye yana da wani hukunci da ya kamata mai kula da sabarku, wato kwamfutar da dandalin ke zaune a kanta, ya haddace. Ainihin sunayen fayilolin, da sanin wane na wane kwas ne, a rumbun bayanai suke. In aka kwafi foldar aka bar rumbun, an samu tarin fayiloli da ba a san na wane ne ba. In aka kwafi rumbun aka bar foldar, an samu sunaye babu kaya. Tare ake kwafarsu, a dare ɗaya.

Nan muka iso wurin da na fi ganin faifai na cika ba tare da kowa ya san dalili ba. Moodle yana da hanyar yin kwafin kowane kwas da kansa, ya dunƙule shi cikin fayil mai ƙarshen .mbz. Sabon ma'aikaci zai gan ta ya yi murna, ya kunna ta kowane dare, ya ce a riƙe guda biyar-biyar don tsaro. Abin da bai lura ba shi ne kowane dunƙule yana ɗauke da cikakken kwafin bidiyo da hotunan kwas ɗin, waccan dabarar ajiyewa sau ɗaya ba ta aiki a kansu, kuma bidiyo da hoto ba sa ƙara matsuwa don an dunƙule su. Rabin tera sau biyar ya zama tera biyu da rabi. Mafi muni, in ba a nuna masa wani wuri ba, cikin wannan faifan dai yake zuba su, ta yadda ranar da faifan ya mutu, da kaya da kwafin tare za su tafi. Wannan hanya tana da amfani wajen ɗauke kwas ɗaya a ajiye a ƙarshen zango, ko dawo wa malamin da ya goge nasa bisa kuskure. Ba ita ce garkuwar makaranta ba.

Kwafin ko-ta-kwana na gaskiya daga waje ake yin sa: kowane dare a fitar da rumbun bayanai da mysqldump ko pg_dump, a kuma kwafi foldar da rsync, restic ko borg, waɗanda ke ɗaukar abin da ya ƙaru kawai. Tunda fayilolin filedir ba sa canzawa bayan an rubuta su, bayan kwafin farko abin da ke tafiya kowane dare 'yan gigogi ne. Ƙa'idar da masu wannan aiki suka daɗe a kanta ita ce kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani gini daban. Wannan na ƙarshen shi ake rainawa. A Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen ajiyar bayanai na kamfanin OVH a Strasbourg ta ƙasar Faransa, kuma waɗanda suka fi kuka su ne waɗanda kwafinsu yake a harabar da ta ƙone. In haka ta faru a can, ɗakin sabar da ke bayan ofishin akawunku bai fi ƙarfin gobara ko ɓarawo ba. Kwafin da ba a taɓa gwada dawo da shi ba kuwa, ni ba na ƙirga shi. Sau ɗaya a zango a ɗauki wata kwamfuta a tayar da dandalin daga kwafin, a shiga a buɗe aikin wani ɗalibi a gani da ido.

To me za a saya? Tera 1.2 muka samu, kuma ba a cika faifai maƙil, don manhajar na bukatar fili na wucin gadi duk lokacin da take dunƙule kwas ko dawo da shi, sannan ɗalibanku za su ƙaru. A bar kashi ɗaya cikin huɗu fanko, ya zama tera 1.6. Faifan da aka rubuta wa tera 2 a kwali, kwamfuta za ta nuna shi 1.8 saboda bambancin ƙirga tsakanin masu sayarwa da na'ura, kuma tsarin ext4 na Linux yana keɓe kashi 5 cikin ɗari, sai a tashi da kusan 1.7. Ya isa shekara uku. Amma guda biyu za a saya a haɗa su RAID 1, kowanne madubin ɗan'uwansa, don in ɗaya ya mutu karatu ya ci gaba. Madubin nan ba kwafin ko-ta-kwana ba ne fa: abin da aka goge a ɗaya ya gogu a ɗayan nan take. Sai SSD biyu masu giga 500 don manhaja da rumbun bayanai, su ma a haɗe. Sai faifan waje biyu masu tera 4, ana musanya su kowane mako, ɗaya na aiki, ɗaya na kulle a wani gini. Ƙirga abin da za a biya kuɗinsa: 2 da 2 da 4 da 4, tera 12, ban da SSD. Ka ga ke nan mai tera 1 ya kusa gaskiya a kan abin da za ku zuba, mai tera 10 ya kusa gaskiya a kan abin da za ku saya. Abin tambaya shi ne ko shi ma haka ya rarraba nasa goman, ko kuwa faifai ɗaya ƙato yake nufi. In ƙato ɗaya ne, kada ka sa hannu.

Ban ba da shawarar sayen na shekara goma yanzu ba. Faifai na tsufa ko ba a cika shi ba, garantinsa na ƙarewa, kuma ba ku san halin malamanku da dandalin ba tukuna. A dai tabbatar akwatin sabar yana da gurbin ƙara faifai, kuma an tsara shi da LVM, tsarin Linux na haɗa faifai, don a faɗaɗa ba tare da an rushe komai ba.

Saura tambayar da ba ka yi ba amma tana cikin taka: a harabar makaranta za a ajiye sabar, ko haya za a kama a intanet? Kowanne da nasa ciwon kai a wannan yanki namu. Wutar Arewacin Kamaru ta dogara sosai da madatsar Lagdo a kan kogin Binuwai, mai megawat 72, wadda aka gama a 1982, kuma duk da tashoshin hasken rana da aka ƙara a Marwa da Gider, kowa ya san yadda ake rabon wuta in ruwa ya ja da rani. Ɗaukewar wuta farat ɗaya tana iya lalata rumbun bayanai a tsakiyar rubutu, don haka sabar gida ba ta zama sai da batirin da zai riƙe ta, wanda kuma zai iya gaya mata ta kashe kanta a hankali kafin ya ƙare. Ga zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe fankokin na'ura. Ladan wannan wahala shi ne ɗalibi na iya sauke darasi ta wayfai ɗin makaranta bai kashe ko sisi ba, kuma ko layin ƙasa da ƙasa ya yanke, kamar yadda aka gani ranar 14 ga Maris 2024 da igiyoyin ƙarƙashin teku na gaɓar Afirka ta Yamma suka samu matsala, karatu a harabar ba ya tsayawa.

Haya kuwa ta ɗauke muku wuta da sanyi da ƙura, kuma ana ƙara wuri cikin minti kaɗan, don haka za ku iya farawa da giga 600 ku riƙa ƙarawa. In da Yuro ake biya, sefa ba ta motsi a kansa, 655.957 ne tsayayye, abin da ke sauƙaƙa kasafi. Sai dai kuɗi ne na kowane wata har abada, kuma a karanta sharaɗin fitar bayanai da kyau: in ɗalibai 1,200 suka sauke bidiyon awa biyu-biyu a mako, giga 648 ne ke fita, wasu kamfanoni kuma suna cajin wannan daban. A kuma lissafa lokaci. Tura giga 500 ta layi mai megabit 10 yana cin awa 111, kusan kwana biyar ba yankewa. Wannan lissafin ya shafi ranar da za ku so dawo da kayanku gida, ya kuma shafi mai sabar gida da ke son aika kwafinsa waje. Ga makaranta irin taku, da yawancin ɗalibai ke zuwa aji kullum, ni na fi karkata ga sabar gida mai batir da sola, da kwafin rumbun bayanai da ayyukan ɗalibai ana tura shi waje kowane dare a kulle da kalmar sirri. In kuwa ba ku da ma'aikaci na dindindin da zai kula da ita, ku kama haya, kada ku wahalar da kanku.

Ko wanne kuka zaɓa, iyakar girman fayil ita ce ƙofar da ke tsare duk lissafin nan. Ana saita ta a PHP, manhajar da Moodle ke gudana a kanta, wadda ke zuwa da mega 2 kacal, sannan a matakin dandali, na kwas, da na kowane aiki. Aikin ɗalibi mega 5. Malami mega 50. Bidiyo ta hannun mutum ɗaya zai bi, shi zai matse ya ɗora. Za a yi ƙorafi, musamman daga manyan likitocin da ke zuwa koyarwa na 'yan awoyi, waɗanda ba su saba a ce musu fayil ɗinsu ya yi girma ba. A ranar, yaron da ke kula da sabar ba zai iya musu da su ba sai in takardar dokar na ɗauke da sa hannunka.

Haka batun gogewa. Rubuta a fili: aikin gida har ɗalibi ya gama, maki da sakamakon jarrabawa a fitar da su a adana dindindin a wajen dandalin, rajistar motsi shekara ɗaya, bidiyon da aka maye gurbinsa a sauke shi zuwa faifan waje. Kamaru ta yi dokar kare bayanan mutane a Disamba 2024, don haka tara bayanan tsofaffin ɗalibai ba dalili ba abin alfahari ba ne. A sani kuma, gogewa ba ta buɗe wuri nan take. Abin da malami ya goge yana zama a kwandon shara kwana 7, sannan sai aikin cron, mai gudanar da ayyukan bayan fage na manhajar, wanda ya kamata ya riƙa gudana kowane minti, ya bi ya share. In cron ya tsaya, shara ba ta fita, saƙonni ba sa tafiya, kuma ba wanda zai lura sai faifai ya cika.

Cikar faifai ba ta zuwa da sallama. Ɗalibi zai sa kalmar sirrinsa daidai a dawo da shi shafin farko, don babu inda za a rubuta cewa ya shiga. Rumbun bayanai zai ƙi karɓar amsa. Kuma kusan kullum a makon jarrabawa ne, don a lokacin ne kowa ke ɗorawa. Ba a fafe gora ranar tafiya: a sa ƙararrawa ta aika saƙo in an kai kashi 70 cikin ɗari, wata kuma a 85. Ranar ɗaya ga kowane wata mai kula ya buga df -h ya ga abin da ya rage, ya buga du -sh a kan filedir, ya rubuta lambobin a littafi da kwanan wata. Bayan zango ɗaya, wannan littafin ya fi duk lissafin da na yi maka a sama, domin shi halin malamanku da ɗalibanku yake nunawa, ba zatona ba.

Kafin ka sake kiran mutanen nan biyu, ranka ya daɗe, ka tara shugabannin sassa ku tsayar da awa nawa za a naɗa, da wane inganci, da shekara nawa za a riƙe aikin ɗalibi. Sannan ka ba kowannensu takarda ɗaya, ka ce ya rubuto maka abu uku daban-daban: wurin da za a yi amfani da shi bayan an haɗa faifan, inda kwafin dare zai kwana, da awa nawa zai ɗauka ya tayar da dandalin in sabar ta mutu ranar Litinin da safe.